Shirin U.P.E. na 1976 da Ɗan Talaka

Dattawa sun sha ba da labarin yadda ake ɗaukar yara makaranta a zamanin En'e. Hakimi ya aika wa dagaci cewa ana neman yara kaza, dagaci ya ɓoye nasa da na masu hannu da shuni, ya kama ɗan baransa ko wani maraya ya tura. Watau a lokacin nan ba tausayi ya kai ɗan talaka boko ba, rashin mai tsaya masa ne. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin ƙasar da aka shuka shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da U.P.E.

Janar Yakubu Gowon ne ya yi shelar shirin a Sakkwato cikin 1974, sa'ad da kuɗin man fetur ke kwarara, sannan Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi hasashen yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Da yake yawancin yaran ƙauye ba su da takardar haihuwa, akan ce yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne ya isa. Ta haka manya da ƙanana suka cunkushe a aji guda, waɗansu kuwa sai gindin bishiya.

To, me ɗan talaka ya tarar da ya shiga? A ganina nan ne tarihin yake. Ya tarar da malamin da aka horar cikin gaggawa, wani ma iyakarsa firamare, aka ba shi alli. Ƙwararrun malamai sun fi son birni, saboda haka makarantar da ta fi bukatar gwani ita ta sami ɗan koyo. Ɗan ma'aikaci in bai gane darasi ba, akwai mai duba masa littafi da dare. Ɗan manomi ba shi da kowa sai wannan malamin, ga shi da damina ta faɗi gona na kiransa, yarinya kuma talla na jiranta. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, amma ina littattafan? Mu ɗaliban Hausa ya kamata wannan ya dame mu fiye da kowa, domin yaron da aka tsare da Turanci tun ranar farko haddar aku kawai zai yi.

Ba a rasa waɗanda suka hango matsalar ba. Tun farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa da taimakon UNICEF. Ta rubuta kayan koyarwa, har da na Hausa, ta kuma sa masu horar da malamai su riƙa bin makarantu, suna gyara wa malami aiki a cikin ajinsa. Ni dai wannan dabara ta fi burge ni a kan dukkan gine-ginen da aka ba 'yan kwangila, sai dai makarantun da ta kai gare su kaɗan ne in an gwada da ambaliyar 1976.

Daga 1981 kasuwar mai ta soma faɗuwa. Nauyin firamare ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, jihohi da dama suka dawo da karɓar kuɗi da sunaye iri-iri. Mai hali ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi. Marar hali ya mai da nasa gona, ko ya haɗa shi da malamin allo su tafi gabas, ga kuma hujja ya samu cewa yaro ya shekara shida bai iya rubuta wasiƙa ba. Sai a 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa don ta ceto albashin malamai. A watan Satumba na 1999 kuma Obasanjo, wannan karo cikin farar hula, ya je Sakkwato ya ƙaddamar da sabon shiri mai suna U.B.E.