Yadda Maganin Ciwon Mutum Ya Shiga Bakin Kare

Likitancin dabbobi bai fara da kare ba. Makarantar farko da Claude Bourgelat ya kafa a Lyon ta Faransa a 1761 dawaki da shanu ta sa a gaba, haka ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da aka buɗe a 1924 don yaƙar cutar bushiya. Saboda haka da kamfanin Bayer ya fito da asfirin a 1899, mai kare mai ɗingishi ba shi da abin ba shi sai ƙwayar da shi kansa yake sha. Rashi ne ya haifi al'adar, kuma an daɗe ana yin ta a makance, domin sai a 1971 John Vane ya gano cewa irin waɗannan magunguna suna toshe sinadarin furostagilandin, wanda ke jawo zafi amma kuma yake kare bangon ciki da ƙoda. Kare ya fi mutum rauni a nan. Ibuprofen yana iya huda masa ciki, naproxen kuwa yakan yi kwanaki a jininsa.

Wani zai ce ai carprofen, wanda Amurka ta amince a ba karnuka a 1996, asalinsa maganin mutane ne, kuma likitoci kan rubuta wa kare farasitamol. Gaskiya ne, amma sai da aka gwada carprofen a jikin karnuka aka tsayar da adadinsa bisa nauyi, kuma likita yakan duba hanta da ƙoda kafin ya rubuta. Farasitamol ɗin da kare ke iya ɗauka da awo, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kyanwa.