Turbobin Ungogo da Tarihin Tafiyar Ƙasa a Arewacin Kano

Ƙasar Ungogo, wadda ta shimfiɗu daga bayan ganuwar Kano ta arewa, tana cikin yankin da masana labarin ƙasa ke kira karkara mai cunkoson jama'a, wato inda gidaje da gonaki suka haɗe har ya zamana babu dajin kirki tsakanin wannan ƙauye da wancan. Wannan yanayi shi ya haifar da irin tafiyar ƙasar da aka san yankin da ita tun kafin zuwan mota, domin matafiyin da ya fito ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa ba ya bukatar ɗan jagora ko rakiyar masu makami kafin ya isa Fanisau ko garin Ungogo, tunda duk inda ya waiwaya akwai rijiya da masallaci da wanda zai tambaya.

Hanyoyin kansu iri-iri ne, kuma kowace da aikinta. Akwai turba, siririyar hanyar da sawun mutane ya fitar a tsakanin gonaki, akwai kuma burtali, wanda ake bari da faɗi a kuma shinge shi hagu da dama, sau da yawa da aguwa, domin shanu su wuce zuwa kiwo da mashaya da damina ba tare da sun yi ɓarna ba. Alamomin da matafiyi ke bi su ne bishiyoyin da manoma ke bari da gangan a cikin gona, irin su kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, sai kuma duwatsu, musamman Dala da Goron Dutse da ake hangowa daga nesa idan an nufo birni. Guzurinsa bai wuce sanda da gorar ruwa da ɗan ƙanzo ba, domin ya san zai tarar da mai fura a gindin wata inuwa.

Fanisau ce ta fi kowane gari a yankin bayyana a rubutaccen tarihi. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar da ita ribaɗi, wato garin tsaro na bakin daga, saboda yaƙinsa da Ɗan Tunku wanda ya tayar masa da ƙayar baya daga wajen Dambatta, kuma dutsen da ke garin ya ba dakaru wurin hangen abokan gaba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya fara shiga Kano a 1824, ya ambaci garin a cikin labarin tafiyarsa. Daga baya aka kafa gandayen sarauta a kewayensa, waɗanda bayi ke nomawa, kuma bai kamata a manta ba cewa da yawa daga cikin waɗanda suka tattake turbobin nan ba da son ransu suka tattake su ba, kayan wani ne a kansu bisa gammo. Hawan Fanisau da Sarkin Kano ke yi a bikin Sallah ragowar wannan tsohuwar alaƙa ce.

Tafiya mai nisa tana da wani tsari dabam. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro ba sa fita sai a ayari, ƙarƙashin madugu mai yanke shawara da jagaba mai shiga gaba, kuma ana auna hanya ne da zango, wato masaukin da ake yada kaya bayan yinin tafiya. Har yanzu ɗaya daga cikin mazaɓun Ungogo sunanta Zango.

Amma abin da ya riƙe turbobin da rai kullum shi ne zirga-zirgar jaki tsakanin ƙauye da birni. Binciken da Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka yi a gundumar Ungogo, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta wallafa a 1965, yana cikin ayyukan farko da suka bayyana yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma taki ne jigon wannan noma. A wancan lokaci, da rani manomi kan ɗora wa jakinsa itace ko amfanin gona ya nufi birni da asuba, idan ya sayar sai ya cika mangala da toka da shara da kashin dabbobin gidajen birni, ya dawo ya jibge su tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Saboda haka nisan da jaki zai iya zuwa ya dawo a yini guda yana cikin abubuwan da suka shata iyakar wannan noma mai ƙarfi.

Kwatanci da yankin Wels na Birtaniya yana da amfani a nan, domin can ma makiyaya sun daɗe suna kora shanu a ƙasa ta kan tuddai zuwa kasuwannin Ingila, har jirgin ƙasa ya kashe sana'ar a ƙarni na 19. Sai dai dokar da aka kafa a 1949 ta wajabta a zana hanyoyin ƙafa a taswira a matsayin haƙƙin jama'a ko da sun ratsa gonar wani, abin da ya sa yau mutum ke iya ɗaukar taswira ya yi kwanaki yana tafe shi kaɗai don hutu, kamar a hanyar da ke bin ganuwar Sarki Offa, mai tsawon kimanin kilomita 285, wadda aka buɗe a 1971.

Turbobin Ungogo kuwa al'ada ce ta tsare su, da sanin mai unguwa da dagaci da shaidar maƙwabtan gona, kuma wannan kariya tana aiki ne muddin ƙasar tana hannun waɗanda suka gaje ta. Tun da birni ya malalo zuwa Rijiyar Zaki da Bachirawa da Kadawa, ana yanka gonaki a sayar a matsayin fulotai, mai awo kuma yakan haɗa da turbar da ta ratsa gonar, ya rage faɗin burtalin da ke gefenta, tunda galibi babu takardar da ta ambace su. Inda aka matse burtali, makiyayi kan rasa ta inda zai bi da shanunsa da damina, kuma daga nan ƙarar ɓarnar gona kan taso zuwa gaban dagaci.