Tokar Kwal a Haɗin Kankare

Tokar kwal ƙura ce mai laushi da ake tacewa daga hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal. A da shara ce, yanzu kuwa tana maye gurbin wani kaso na siminti, kuma ta cancanta, domin tana toshe ƙananan kafofin kankare har gishiri ya sha wuyar kaiwa ga rodi. Akwai ta a kankaren Burj Khalifa na Dubai, mai tsayin mita 828. Magina na kukan cewa kwaɓinta ba ya saurin yin ƙarfi. Gaskiya ne, sai dai jinkirin na rage zafin da ke tsaga ginshiƙai masu kauri, kuma bayan watanni ƙarfin yakan zarce na siminti zalla. Ƙalubalen shi ne samunta inda ake rufe tashoshin kwal, kamar Birtaniya da ta rufe tasharta ta ƙarshe a 2024.