Haikalin Minakshi: Sarauniyar Madurai da Waɗanda Aka Hana Shiga

Idan muka dubi taswirar tsohon birnin Madurai a jihar Tamil Nadu, kudancin Indiya, za mu ga tituna sun kewaye haikali guda, layi bayan layi. Haikalin allahiya Minakshi ne, wadda mabiya addinin Hindu na can suke ɗauka sarauniyar garin. Labarin gargajiyarsu ya ce 'yar wani sarkin Pandiya ce. Ta fito daga wutar hadaya, ta gaji sarautar mahaifinta, ta ci ƙasashe da yaƙi, sa'an nan ta auri Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. Masu sujada ita suke fara gaisarwa kafin mijin. Kowane dare firistoci sukan ɗauki siffar Shiva zuwa ɗakinta, kowace shekara kuma, wajen watan Afrilu, akan maimaita ɗaurin aurensu a bikin Chithirai.

Ginin ya sha wuya. A 1311 rundunar Malik Kafur daga Delhi ta washe Madurai. Yawancin abin da ake gani yau aikin sarakunan Nayak ne na ƙarni na 16 da na 17, musamman Tirumalai Nayak.

Muna ganin kuskure ne mai nazari ya tsaya ga hasumiyoyi 14 da dubban siffofin da aka sassaƙa a jikinsu. Tun da yake allahiyar ce mai garin, shiga gabanta shi ne shaidar cewa mutum ɗan gari ne. Ga shi kuwa shekaru aru-aru an hana 'yan Dalit shiga, wato mutanen da al'ada ta ce taɓa su ma ƙazanta ne. Suna yi wa garin aiki, amma fadar sarauniyar a rufe take gare su.

Ranar 8 ga Yuli, 1939, lauya A. Vaidyanatha Iyer, wanda shi kansa daga zuriyar Brahmin ta firistoci ya fito, ya shiga da 'yan Dalit biyar da wani mutumin Nadar guda, suka yi sujada. Firistoci da dama suka ce an ƙazantar da wurin, suka ƙaurace wa hidima na shekaru. Gwamnatin Madras ƙarƙashin Rajagopalachari ta yi doka a shekarar don kāre waɗanda suka buɗe ƙofar daga shari'a. Mu lura, gardamar ta cikin gida ce, kowane ɓangare yana cewa darajar Minakshi yake tsarewa.

Gandhi ya sha zuwa Madurai ba tare da ya shiga haikalin ba. Sai a 1946 ya shiga ya yi sujada.