Yadda Aikin Kwamfuta Ya Yi Ƙaura Daga Amurka Zuwa Indiya

Yau za mu koma ƙarshen shekarun 1990, lokacin da duniya ta firgita da matsalar nan ta Y2K.

Ga yadda abin yake. Tsofaffin manhajoji lamba biyu kawai suke rubuta wa shekara, wato 99 maimakon 1999. To idan 2000 ta shigo, kwamfuta za ta ga 00 ta ɗauka 1900 ce. Hankalin bankuna da kamfanonin jiragen sama ya tashi. Gyaran ba wuya gare shi ba, yawa gare shi, don sai an bi tsofaffin manhajojin layi-layi. Masu iyawa a Amurka ba su isa ba, ga tsada.

Indiya kuwa dama ta daɗe da shiri. An kafa Infosys tun 1981, Texas Instruments ya buɗe ofis a Bangalore a 1985, a 1991 kuma gwamnati ta sassauta dokokin kasuwanci. Ga injiniyoyi masu jin Turanci, ga araha, kuma lokacin da Amurka ke barci su rana ce a wurinsu. Sai aka kwashi aikin aka miƙa musu. 2000 ta shigo lafiya lau, amma fa aiki bai koma gida ba. Kamfanoni sun ɗanɗana araha.

Rigimar ta fito fili a 2004, shekarar zaɓe. Gregory Mankiw, babban mai ba Shugaba Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce tura aiki waje wani salon ciniki ne kawai, kuma nan gaba zai amfani Amurka. Aka yi masa ca, har da 'yan jam'iyyarsu. John Kerry kuma ya riƙa kwatanta shugabannin irin waɗannan kamfanoni da Benedict Arnold, janar ɗin da ya ci amanar Amurka a yaƙin neman 'yanci.

Ni a ganina Mankiw bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Ribar tana warwatsuwa ne kaɗan-kaɗan ga masu saye da masu hannun jari, asarar kuma a kan mutum ɗaya take faɗowa gaba ɗaya. Ku duba Disney a 2015: ma'aikatan kwamfuta wajen 250 aka sallama a Florida, wasunsu sai da suka koya wa waɗanda za su gaje su aikin kafin su karɓi kuɗin sallama. Kai, wannan da ciwo!

Shi ma wanda ya karɓi aikin ba a kan kujerar dindindin yake ba. Wajen 2011 Filifin ta sha gaban Indiya a aikin amsa kiran abokan ciniki. A 2023 kuma mujallar Time ta bankaɗo cewa matasa a Kenya, ta hannun kamfanin Sama, sun yi ta tace munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT a kan ƙasa da dala 2 a awa.