Daren da Bob Marley Ya Yi Waƙa Cikin Barkonon Tsohuwa

Yau za mu leƙa Zimbabwe ne, daren 17 ga Afrilu 1980, a filin ƙwallo na Rufaro da ke birnin Salisbury, wanda yanzu ake kira Harare.

A daren nan aka sauke tutar Birtaniya, bayan doguwar gwagwarmaya da mulkin tsirarun fararen fata na Ian Smith. Manyan baƙi sun hallara: Yarima Charles, Indira Gandhi ta Indiya, har da namu Shugaba Shehu Shagari. Mawaƙin da kowa ke jira kuwa Bob Marley ne da makaɗansa, The Wailers. Shekara guda kafin nan ya fitar da waƙarsa mai suna Zimbabwe a faifan Survival, kuma 'yan gwagwarmaya sun riƙe ta tamkar tasu. Shi ya biya kuɗin jirgin da ya kwaso kayan kiɗansa daga Landan, daga aljihunsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Filin ba zai ɗauki kowa ba, don haka masu katin gayyata aka shigar. Talakawan unguwa da tsofaffin mayaƙa, waɗanda suka binne 'yan uwansu saboda wannan rana, suna waje. Ku yi tunani fa: kana jiyo gangunan ta bayan katanga, ana rera waƙar da ka haddace a daji, amma an ce ba kai ba shiga. Wa zai haƙura? Sai jama'a suka danno ƙofa. 'Yan sanda kuwa, waɗanda jiya-jiya suke yi wa gwamnatin Rodeshiya aiki, suka saki barkonon tsohuwa.

Hayaƙi ya kai har kan dandamali. Makaɗa da 'yan amshi suka watse, ido na zubar ruwa, Marley ya ɗan ci gaba da waƙa kafin shi ma ya dakata. Da ƙura ta lafa suka dawo suka ƙarasa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari. Marley ya sake hawa dandamali a filin nan, kyauta, babu kati babu kujerar manya, dubun dubatar mutane suna amsa masa da murya ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin taro ana rera waƙar da yake so, na gefensa bai san sunansa ba amma bakinsu ɗaya, ya san abin da nake nufi. A ganina wancan ne bikin 'yancin talaka, na farkon kuwa na manya ne.

Wata goma sha uku bayan haka, a Mayun 1981, kansa ta kashe Marley yana da shekara 36. Robert Mugabe, wanda ya karɓi mulki a wancan dare, bai sauka ba sai 2017.