Lambobin da ke gindin harsashi: tarihin wata gardama ta mahalban Amurka

Abin ya faro ne daga aikin fassara. A darasin nazarin kalmomi malaminmu ya raba muna guntayen rubuce-rubuce na turanci, kowa ya mayar da nasa zuwa faransanci da hausa. Nawa ya faɗo kan wani mahalbi na Amurka da ke shawarar wace bindiga zai ɗauka don farautar dabbar da suke kira elk. Na buɗe ƙamus, na ga élan, na rubuta, na miƙa. Takardata ta dawo da jan biro. Ashe a Turai kalmar elk tana nufin wata dabba ce mai dogon hanci da faffaɗan ƙaho, wadda Faransawa ke cewa élan, amma a Amurka sunan wata dabba ce daban. Turawan Ingila da suka ƙetara teku sun iske wata ƙatuwar barewa da ba su sani ba, sai suka laƙaba mata sunan da ke bakinsu. Ƴan asalin ƙasar, ƙabilar Shawni, suna ce mata wapiti, wato mai farin gindi, kuma sunan da faransanci ya ara ke nan. Ni ma wapiti zan riƙa cewa.

Kunyar jan biron ce ta sa na koma kan rubutun. Can na ci karo da wasu lambobi kamar na laya: .30-06, .270, .338, 7 mm, 6,5. Kowane suna ne na wani irin harsashi, kuma da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga tarihin shekara fiye da ɗari ne a ƙunshe.

Bari mu fara da dabbar. Namijin wapiti yakan kai kilo 300 ko ya wuce, wato ya ɗara gwankinmu. Ƙahonsa mai rassa ne kamar itace, yana zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro. Yana zaune cikin duwatsu da dazuzzukan yammacin Amurka da Kanada. Fatarsa da kauri, ƙashin kafaɗarsa da ƙarfi, kuma in aka ji masa rauni bai mutu ba yana iya yin tafiyar kilomita da yawa kafin ya kwanta. Wannan shi ne tushen dukkan gardamar.

Ita kalmar da suke amfani da ita, kalibar, faɗin ramin bututun bindiga take nufi. Yawancin masana asalin kalmomi sun ce ta shiga harsunan Turai daga larabci, daga ƙalib, mazubin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki. Mu ma namu kalmomin daga can suka zo: bindiga daga bunduƙ, albarushi daga al-barud, harsashi daga rasas, wanda ma'anarsa dalma ce. Ka riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta. Mahalbanmu da ke cewa kalibar 12 kuwa wani lissafi ne daban: in ka raba laba ɗaya ta dalma gida 12, ka mulmula kashi ɗaya, faɗinsa shi ne faɗin bututun. Shi ya sa a irin waɗannan bindigogi, lamba na ƙaruwa rami na ƙanƙancewa.

A farkon ƙarni na 19 babu wani zaɓi mai yawa. Tawagar Lewis da Clark, da ta ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, da bindigogin ɗura take, irin mai ƙanƙara da albarushi baƙi, ƴan uwan bindigar tokarmu. A lokacin sanyin 1805 zuwa 1806, da suka zauna bakin tekun Fasifik, naman wapiti ne ya riƙe su, sun kashe fiye da 100. A watan Agusta na 1806 ma wani daga cikinsu, Pierre Cruzatte, mai ido ɗaya, ya hangi shugabansu Lewis cikin kayan fata a tsakanin itatuwa, ya ɗauka wapiti ne, ya ɗirka masa harsashi a ɗuwawu. Allah ya yi da sauran kwana.

A 1873 sojan Amurka suka ɗauki harsashi mai kwanso da suka sa wa suna .45-70. Lambar farko faɗi ce, kashi 45 cikin ɗari na inci, kusan milimita 11 da rabi. Ta biyu nauyin albarushi ce da wani ma'auni da suke kira giren, wato ƙwayar hatsi, don asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne. Harsashin ya kai giram 26, yana tafiyar mita 400 a daƙiƙa. Mai nauyi ne, mai jinkiri, in ya yi nisa sai ya lanƙwasa ƙasa kamar jifa.

Da irin waɗannan bindigogi aka yi ɓarnar da ta kusa shafe dabbar. An ƙiyasta wapiti sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa. A farkon ƙarni na 20 ba su kai dubu 100 ba. Ana kashe su don fata, don naman sayarwa a garuruwan haƙar ma'adinai, wani lokaci don haƙora biyu kacal na sama da ake rataya wa sarƙar agogo, a bar gawar ga ungulu. Irin wapiti na gabashin ƙasar ya ƙare ƙarƙaf, na ƙarshe an halbe shi a jihar Fensilbaniya a 1877. Wato tun kafin a ƙera ko ɗaya daga harsasan da ake gardama a kansu yau, tsohon harsashi mai jinkiri ya riga ya nuna yana iya kashe dabbar, har ya kusa ƙarar da ita.

Sauyi ya zo daga Faransa. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 bindigar Lebel ta fito da shi. Harsashi ya sirance, gudunsa ya ƙaru sosai. A yaƙin 1898 a Kuba, Amurkawa sun sha wuya a hannun sojan Sifen masu bindigar Mauser ta milimita 7, sai suka koma gida suka ƙera tasu, Springfield ta 1903. Bayan shekara uku suka gyara harsashinta suka sa masa .30-06. Nan kuma ma'anar lamba ta biyu ta sake: 30 faɗi ne, milimita 7,62, amma 06 shekara ce, 1906. Ka ga tsari ɗaya na rubutu, ma'ana biyu. Miliyoyin samari sun riƙe wannan harsashi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, suka dawo gida da sabonsa, suka shiga daji da shi. Da nauyin giram 11 zuwa 12 da gudun mita 820 a daƙiƙa, ya zama ma'aunin da ake gwada kowane sabon harsashi da shi har yau.

A 1925 kamfanin Winchester ya matse wuyan wancan kwanson ya sa masa harsashi siriri, ya kira shi .270. A nan ne mutum biyu suka shigo, suka raba mahalban Amurka gida biyu. Jack O'Connor malamin jami'a ne a Arizona kafin ya zama marubucin mujallar Outdoor Life. Ra'ayinsa shi ne harsashi mai sauƙi, mai gudu, wanda ke tafiya miƙe kuma ba ya shurin mai halbi da yawa, ya isa, muddin an sa shi cikin huhu. Elmer Keith kuwa makiyayi ne a Aidaho, mai yi wa baƙi jagora a daji. Shi ya ga dabbobi da yawa sun gudu da rauni, don haka ya tsaya kan cewa wapiti na buƙatar harsashi mai faɗin .33 zuwa sama, mai nauyin giram 16, wanda zai karya ƙashi ya ratsa ko ta wace kusurwa aka halba. Shekaru suka yi suna jifan juna da magana a mujallu, ba sa ga-maciji. O'Connor ya rasu a 1978, Keith a 1984, gardamar ba ta bi su kabari ba.

In ka duba da kyau, ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. O'Connor yana maganar mahalbin da zai yi haƙuri har dabba ta ba shi gefenta. Keith yana maganar baƙon da ya biya kuɗi, ya gaji da hawan dutse, ya ga dabba tana shiga duhuwa, ya halba ko ta ina. Ɗaya ya dogara da halin mutum, ɗaya ya yi tanadi saboda raunin halinsa.

Ana cikin haka wani mutum na uku ya gano abin da ya fi faɗin bututu. A 1946 John Nosler ya halbi wani élan da ya yi birgima cikin taɓo a Kanada, da bindiga mai ƙarfi ƙwarai, amma harsashin ya tarwatse a kafaɗa bai shiga ba. Gudun ne ya yi yawa ga dalma mai laushi. A 1948 ya fara sayar da harsashi mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe kamar laima, baya ya tsaya cur ya ci gaba da ratsawa. Tun daga nan ƙirar harsashi ta zama rabin magana.

Kamfanoni kuwa sun ga kasuwa. Suka fito da manyan kwansuna masu cin albarushi da yawa, suka sa masu magnum, kalmar latin da ake kiran ƙatuwar kwalbar giya da ita: .338 a 1958, 7 mm ta Remington a 1962, .300 ta Winchester a 1963. Suna kai wa nesa da ƙarfi, amma kowa ya san bindiga ba ta halbi gaba ba tare da ta yi shuri baya ba. Wanda kafaɗarsa ta sha duka, jikinsa yakan koyi zabura tun kafin ya ja kunama, sai harsashi ya faɗa cikin tumbi maimakon huhu. Shi ya sa a 2007, da kamfanin Hornady ya fito da 6,5 Creedmoor, ƙaramin harsashi mai sauƙin shuri da aka yi don gasar halbi, matasa suka rungume shi, dattawa suka ce ya yi kaɗan ga wapiti. Tsohuwar gardamar ce ta sake riga. Abin dariya, mutanen Suwidin sun fi shekara ɗari suna kada élan ɗinsu, wanda ya fi wapiti girma, da harsashin milimita 6,5 na sojansu na 1894.

Hukuma ta sa iyaka daga ƙasa kawai. A jihar Kolorado, inda garken wapiti ya fi yawa, doka ta hana abin da bai kai milimita 6 ba. Sauran ya rage ga mahalbi, kuma shawarar da na ga ta fi yawa a bakin masu dogon sani ba ta da wuya: ka ɗauki mafi ƙarfin harsashin da za ka iya halbawa ba tare da ka rufe ido ba, ka zaɓi mai ƙira mai ƙarfi, ka san nisan da hannunka ya tsaya, in dabba ta wuce shi ka bar ta ta tafi.

Wannan ta ƙarshen ta tuna mini da kakana, mahalbi ne a ƙauyenmu na kudancin Maradi. Bindigar tokarsa halbi ɗaya take, kafin ka sake ɗurawa nama ya yi nisa. Yakan ce mini, "Jikana, wanda ya zubar da jinin dabba bai bi sawunta ba, bashi ya ci." Bai taɓa jin sunan O'Connor ko Keith ba, amma abin da suke faɗa a kai ke nan.

Yau wapiti sun kai kusan miliyan ɗaya. Abin da ya dawo da su dokoki ne da kuɗi. Dokar Lacey ta 1900 ta hana fataucin naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1912 aka keɓe masu makiyaya ta lokacin sanyi a Wayomin. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta juya harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai zuwa aikin kiyaye namun daji, ta yadda duk kwalin .30-06 da aka saya, wani abu daga kuɗinsa na komawa daji. Mu ma mun ga irin haka a gida: raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, da aka tsare su suka wuce 600.

Na ce mu riƙe kalmar rasas. Tun 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, saboda wata ƙatuwar ungulu tasu mai suna kwandor da ke cin ragowar gawa tana mutuwa da guba. Mahalba da yawa sun koma harsashin jan ƙarfe zalla. Da na sake miƙa fassarata na rubuta "harsashi marar dalma", sai na tsaya ina dariya ni kaɗai, don in ka bi asalin kalmar, dalma marar dalma na rubuta. Malam ya bar mini ita haka, bai sa jan biro ba.